Kundin Tsarin Mulkin 1999: Asalinsa da tasirinsa a kudancin Kano

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya fara aiki ne ranar 29 ga Mayu, 1999, bayan gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa shi da Dokar Soja mai lamba 24, ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba. Galibin tanade-tanadensa an ɗebo su ne daga kundin 1979, wanda shi ma sojoji ne suka yi masa gyaran ƙarshe. Wannan asali ya tattara iko a sama, kuma ana ganin hakan a kudancin Kano ta fuska biyu.

Ta farko ita ce filaye. Gwamnatin Janar Obasanjo ta cusa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 cikin kundin 1979, sannan sashe na 315 na kundin yanzu ya riƙe ta. Dokar ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Shi ya sa makomar Dajin Ɗansoshiya, inda gwamnatin Ganduje ta ware wurin rugar makiyaya, take hannun fadar gwamnati, ba manoma da makiyayan yankin ba.

Ta biyu ita ce ƙananan hukumomi. Kundin ya lissafa 44 a Kano, ciki har da Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, amma sashe na 162 ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan su kai tsaye.