Mene ne ma'aunin GDP, kuma me yake nunawa?

A watan Afrilun 2014 ne aka ba da sanarwar cewa tattalin arzikin Najeriya ya zarce na Afirka ta Kudu, inda ya zama mafi girma a nahiyar a wancan lokaci.

Ba wata sabuwar dukiya aka samu ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta sabunta yadda take lissafin ma'aunin GDP.

Ma'anarsa

GDP shi ne jimillar darajar kayayyaki da ayyukan hidima da aka samar a cikin wata ƙasa a wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara guda ko watanni uku.

Ana ƙirga abin da ya isa hannun mai amfani na ƙarshe ne kawai. Idan an lissafa kuɗin burodi, ba a sake lissafa fulawar da aka yi shi da ita.

Amfaninsa

Gwamnatoci na dogara da shi wajen tsara kasafin kuɗi, yayin da masu ba da rance, irin su Bankin Duniya, ke auna bashin ƙasa da shi.

Idan ma'aunin ya ragu a zango biyu na watanni uku-uku a jere, akan ce tattalin arziki ya shiga koma-baya, kamar yadda ya faru a Najeriya a 2016 da 2020.

Kafin 2014, Najeriya na lissafi ne da farashin 1990, lokacin da babu wayar salula a hannun jama'a. Da aka koma kan farashin 2010, aka kuma shigar da harkokin sadarwa da fina-finai yadda ya kamata, sai adadin na 2013 ya kai kimanin dala biliyan 510.

Inda ya gaza

Sai dai wannan bai ƙara ko kwabo a aljihun talaka ba.

Ma'aunin ba ya nuna yadda aka raba dukiya, ba ya ƙirga aikin da mata ke yi a gida ba tare da biya ba, kuma ba ya cire ɓarnar da malalar mai ke yi wa muhalli.

Tun a 1934, masanin da ya aza harsashin wannan lissafi a Amurka, Simon Kuznets, ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga irin waɗannan alƙaluma.