Yaɓen Bazara

A gidanmu na cikin birnin Zariya, da bazara ta kama kakana ba ya zama. Sai ya hau soro ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta, ya share indararo, sannan a kwaɓa ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, a yi yaɓe kafin ruwan farko. Haka magina suka gada tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni. Da kwano da siminti suka shigo, sai yaɓe ya koma aikin marasa hali. Yau idan dillali ya zo ganin gidan ƙasa, fili kawai yake aunawa, har ma ya rage kuɗin rushe ginin.