Gicciyen Ƙarfe da Takardar da Ke Bayansa

A shekarar 1813, lokacin yaƙi da Napoleon, Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Uku ya ƙirƙiro lambar yabon da ake kira Gicciyen Ƙarfe. An sake farfaɗo da ita a 1870 da 1914, sannan a 1939 Hitler ya sa aka buga alamar suwastika a tsakiyarta, aka bar 1813 a bayanta. Miliyoyin sojoji ne suka samu mataki na biyu na wannan lamba a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa har yau ake samunta a gidajen gwanjo na Turai da Amurka.

Sai dai lambar ba ta ɗauke da sunan kowa. Birtaniya ta riƙa buga sunan soja a gefen lambobinta na Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma Jamus ba ta yi haka ba. Abin da mai tara lambobi zai iya gwadawa a ƙarfen kaɗan ne: ko zuciyar gicciyen tana jan maganaɗisu, ko lambar maƙeri tana jikin zoben rataya. Masu jabu kuwa sun daɗe da sanin waɗannan gwaje-gwaje.

Tarihin yana cikin takardar shaida. A jikinta ake samun suna da muƙami da runduna da ranar bayarwa, tare da hatimi da sa hannun kwamanda. Idan aka haɗa ta da ɗan littafin albashin soja, wanda Jamusawa ke kira Soldbuch, ana iya bin sawun mutum daga fagen fama zuwa wani. Saboda haka lamba mai takarda takan fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tsadar ce ta jawo masu cika tsofaffin takardu da tafireta suna liƙa musu sunaye. Ko a kan lambar da ta fi daraja, wato Ritterkreuz, wadda mutum sama da 7,000 suka samu, mai bincike Veit Scherzer ya duba ma'ajiyar tarihin Jamus ya kasa samun hujjar kusan sunaye 200 da aka daɗe ana lissafawa.

Takardar kuma takan tona abin da mai saye bai so ya sani ba. Jürgen Stroop ya samu Gicciyen Ƙarfe mataki na ɗaya a 1943 saboda rusa unguwar Yahudawa ta birnin Warso. Oskar Dirlewanger ya samu Ritterkreuz a 1944, bayan rundunarsa ta karkashe fararen hula a wannan birni. Gicciye iri ɗaya aka rataya wa Stroop da kurtun da ya ɗauko abokinsa daga cikin harsasai. Sunan runduna da kwanan wata ne kaɗai ke raba su.

Jamus ta Yamma ta nemi mafita a 1957, inda doka ta ba tsofaffin sojoji damar sanya sabon samfuri da aka cire wa suwastika, aka sa ganyen itace a madadinta. Nuna tsohon samfurin a bainar jama'a laifi ne a ƙarƙashin sashe na 86a na kundin laifuffukan ƙasar, sai don bincike ko koyarwa ko fasaha, shi ya sa dillalai ke rufe alamar a hotunan tallarsu.