Notts County: Tsohuwar da Ta Ba Juventus Riga

A watan Satumban 2011, da Juventus ta tashi buɗe sabon filinta a birnin Turin, ba ta gayyato Real Madrid ko Barcelona ba. Notts County ta kira, ƙungiyar da a lokacin take fama a rukuni na uku na Ingila. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya.

Zumuncin ya samo asali tun 1903. Da riga ruwan hoda Juventus ta fara wasa, rigunan kuwa suna koɗewa da an wanke. Wani ɗan Ingila mai suna Savage da ke cikin ƙungiyar ya roƙi abokinsa a Nottingham ya aiko musu da wasu. Abokin ɗan ga-ni-kashe-nin County ne, sai ya aiko da irin tasu mai ratsin baƙi da fari. Ita ce Juventus ke sawa har yau.

An kafa County a 1862, wato ta girmi hukumar ƙwallon Ingila, FA, da shekara guda. Tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka fara gasar lig a 1888. A 1894 ta lallasa Bolton da ci 4 da 1 ta ɗauki kofin FA, Jimmy Logan ya zura uku, alhali tana rukuni na biyu. Babban kofin da ta taɓa ɗagawa ke nan. Tun 1910 take wasa a Meadow Lane, kogin Trent ne kawai tsakaninta da maƙwabciyarta Nottingham Forest, wadda ta ɗauki kofin Turai sau biyu a gaban idonta.

Abin da ya taɓa ɗaga ta da gaske shi ne haƙurin koci Jimmy Sirrel, ɗan Sukotilan. Ya same ta a rukuni na huɗu a 1969, ya haura da ita a 1971 da 1973, sannan a 1981 ya kai ta rukunin manya. A shekarar ne ta sayo John Chiedozie, haifaffen Owerri, ɗan wasan gefe mai gudun tsiya da ya buga wa Najeriya, kafin Tottenham ta ɗauke shi a 1984. Koci Neil Warnock ya sake kai County sama a 1991, amma ta faɗo a 1992, daidai lokacin da za a fara Firimiya da kuɗin talabijin. Dukiyar ta wuce ta.

Sai kuma 2009, shekarar da magoya baya ba sa son tunawa. Wani kamfani, Munto Finance, ya karɓi ƙungiyar, ana ta raɗe-raɗin cewa attajiran Gabas ta Tsakiya ne a bayansa. Aka ɗauko tsohon kocin Ingila, Sven-Göran Eriksson, ya zama daraktan wasanni a rukuni na huɗu! Kasper Schmeichel ya zo tsaron raga. Sol Campbell ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar, ya buga wasa ɗaya tak a Morecambe, ya ga ba haka aka yi da shi ba, ya tattara nasa ya nasa. Ashe kuɗin babu su. Kafin kakar ta ƙare Eriksson ya tafi, bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, aka sayar da ita a kan fam ɗaya. Abin mamaki, 'yan wasan suka daure suka lashe gasar rukunin a 2010.

A 2019 County ta faɗo daga gasar lig ɗin da aka kafa da ita, karon farko a tarihinta. Wasu 'yan'uwa biyu daga Danmak, masu sana'ar nazarin alƙaluman ƙwallo, suka saye ta, ba tare da alkawuran kai ta wata duniya ba. A kakar 2022/23 ta tara maki 107, Macaulay Langstaff ya ci ƙwallo 42, amma Wrexham ta taurarin fim ɗin Amurka ta sha gabanta da maki 111, gurbin haurawa kai tsaye kuma ɗaya ne. Sai da ta je Wembley ta fitar da Chesterfield a bugun fenariti kafin ta koma rukuni na huɗu.