Fadojin da Ke Ƙarƙashin Mosko

Da tikiti ɗaya mai sha'awar jirgin ƙasa yana iya yini a ƙarƙashin birnin Mosko, yana sauka yana hawa, muddin bai fita ta ƙofa ba. Bangon kowace tasha yana faɗa masa zamanin da aka gina ta.

An buɗe layin farko ranar 15 ga Mayu, 1935, daga Sokolniki zuwa Park Kultury tare da reshe ɗaya, tashoshi 13 gaba ɗaya. Gwamnatin Stalin ta so talaka mai zuwa masana'anta ya bi ta cikin fada kowace safiya, shi ya sa aka zuba dutsen mabul da fitilu na alfarma ba tare da tsumulmula ba. A ganina Mayakovskaya ta 1938 ce sarauniyarsu. Sai ka ɗaga kai ka ga zane-zane 34 na Aleksandr Deyneka a rufi, an haɗa su da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi: jiragen sama, masu tsalle da laima, rassan itace a sararin samaniya. A Ploshchad Revolyutsii kuwa, mutum-mutumin tagulla 76 ne a durƙushe cikin bakunan gini, kuma hancin karen da ke gefen wani soja ya yi fes yana ƙyalli, saboda ɗalibai da ma'aikata suna shafa shi don neman sa'a.

Da yaƙi ya zo a 1941, tashoshin suka zama mafaka daga bama-baman Jamus. Mata da yara suka kwana a kan dandamali, kuma a Mayakovskaya ɗin nan Stalin ya yi jawabi ranar 6 ga Nuwamba.

Bayan yaƙi ado ya kai ƙololuwa a layin da'ira, musamman Komsomolskaya ta 1952 mai rufi ruwan ɗorawa, da Novoslobodskaya mai tagogin gilashi masu launi. Sai shugaba Khrushchev ya yi dokar 1955 da ta hana almubazzaranci a gine-gine, tashoshi suka koma ginshiƙai a jere da tayil, har mutanen gari suka riƙa kiransu shanshani. Masu yawon buɗe ido kan wuce su da sauri, amma su ne suka kai jirgi unguwannin da jama'a ke kwana.

A Maris 2023 aka kammala Babban Layin Da'ira, kilomita 70 da tashoshi 31, kuma ado ya dawo da ƙarfe da gilashi.