Tarihin Bibiyar Ƴan Wasa a Wasannin Bidiyo

Bibiyar ɗan wasa ita ce tattara bayanai da manhajar wasa ke yi, tana aikawa ga kamfanin da ya ƙera ta ko ga dillalan talla, alhali mai wasan ya duƙufa kan allo. Abin da ake kwasa ya haɗa da samfurin waya ko kwamfuta, adireshin intanet, yankin da mutum yake, tsawon lokacin da ya ɗauka yana wasa, inda ya faɗi, da abin da ya saya. Wani ɓangare na wannan aiki ne na gyara, domin da shi ake gano kurakurai da masu maguɗi. Rigimar tana kan abin da ya wuce haka, da kuma hannun da bayanan ke faɗawa daga baya.

A zamanin kaset da faifai, wasa ba shi da bakin kai rahoto: ka saya, ka tafi da abinka gida, shi ke nan. Haɗa wasanni da intanet ne ya sauya lamarin. Kafin fitowar Halo 3 a 2007, Microsoft ya riƙa zana taswirar duk wurin da masu gwaji suka mutu a cikin wasan, aka gyara lungunan da suka fi ƙarfin mutane. Babu wanda ya ɗaga murya a kan wannan. Amma tun a 2005 an samu saɓani, lokacin da masanin tsaron kwamfuta Greg Hoglund ya nuna cewa Warden, manhajar kama maguɗi ta World of Warcraft, tana leƙa sunayen sauran abubuwan da mutum ya buɗe a kwamfutarsa. A Afrilun 2011 kuma ɓarayin intanet suka fasa rumbun PlayStation, bayanan asusu kusan miliyan 77 suka fita, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci Sony, mai PlayStation, tarar fam 250,000 a 2013.

Wayar hannu ce ta yaɗa wasan kyauta, kuma ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da bai karɓi ko dala daga hannunka ba yana cin abinci ne da talla, tallar kuwa tana tsada gwargwadon yadda aka san mai kallonta. A Janairun 2014, takardun da Edward Snowden ya fallasa suka nuna cewa hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya sun nemi tsintar bayanan da ke zuba daga manhajoji irin su Angry Birds. Rovio, kamfanin ƙasar Finlan mai wasan, ya musanta haɗa baki da su, ya nuna yatsa ga kamfanonin talla. A ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo ɗaruruwan ƙananan wasanni masu ɗauke da manhajar Alphonso, wadda ke amfani da makirufon waya ta saurari abin da ake kallo a talabijin.

Badaƙalar da ta fi nuna yadda aikin yake ita ce ta Red Shell, a Yunin 2018, makonni kaɗan bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu. Ƴan wasa ne da kansu suka gano manhajar ɓoye cikin wasanni da dama, ciki har da Civilization VI da The Elder Scrolls Online. Ba ta tambayar suna. Tana haɗa ƙananan alamomi ne kawai: girman allo, nau'in manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, salon haruffan da aka girka, adireshin intanet. Kowace ita kaɗai ba komai ba ce, amma a haɗe sukan ware kwamfuta ɗaya daga dubbai, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a tsakiyar kasuwa ta launi da ƙaho da tsagar kunne. Da haka ake sanin cewa wanda ya danna talla jiya shi ne ya sayi wasan yau. Kamfanonin sun ce awon talla ne kawai, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Laifinsu shi ne ba su sanar ba. Da surutu ya yi yawa, akasarinsu suka cire ta.

Hukunci mai nauyi ya zo ne ta ƙofar yara. A Disamban 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520, miliyan 275 daga ciki saboda tattara bayanan ƴan ƙasa da shekara 13 ba da yardar iyaye ba. Indiya ta bi ta hanyar tsaron ƙasa: ta haramta PUBG Mobile a Satumban 2020, sannan Free Fire a Fabrairun 2022.

A Nijar kuwa, a garuruwa irin Tanut, kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, da Belbeji da sauran ƙasar Damargu, lamarin ya shigo ne ta waya. Shagon wasan ƙwallo da ke aiki da janareto ko hasken rana, muddin na'urarsa ba ta haɗe da intanet, ba ya aika komai ko'ina. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihu ita ce mai magana. Saboda tsadar data, wasa kan bi hannu zuwa hannu ta manhajar Xender ko daga wajen mai cajin waya, wani lokaci kwafin da wani ya taɓa ya buɗe abubuwan saye, wanda ba a san me kuma ya cusa a ciki ba. Sharuɗɗan amfani galibi da Faransanci ko Ingilishi suke, sai a danna amincewa a wuce. Ga kuma waya ɗaya da gida guda ke rabawa: yaro ya ba wasa izinin shiga hotuna da makirufo, alhali hotunan na mahaifiyarsa ne.

Doka dai akwai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Sedeyawo, ta zartar da ƙa'idar kare bayanan mutane a 2010. Nijar ta yi doka mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017, wadda ta tanadi hukumar kare bayanai ta HAPDP, sannan ta sabunta ta a Disamban 2022. Najeriya ta sa hannu kan tata a Yunin 2023. Sai dai masu wasannin suna Singafo da Sin da Amurka, nesa da hannun wata hukuma a Yamai. Sauƙin da aka samu daga kamfanonin wayoyin ya fito: tun Afrilun 2021 iPhone ke tilasta wa manhaja neman izini kafin bibiya, Google kuma ya ba da damar goge lambar da masu talla ke gane waya da ita a Android, irin wayar da ta fi yawa a Damargu, amma sai mutum ya tona cikin saitin waya kafin ya kai ga maɓallin.