'Yan Safe da 'Yan Wuni: Yadda Ajin Share Fage Ya Tsawaita a Amurka

A watan Satumba na 1873 wata mata mai suna Susan Blow ta buɗe aji a makarantar Des Peres da ke unguwar Carondelet, a birnin St. Louis na jihar Mizuri. Shi ne ajin share fage na farko a Amurka da ya zauna da gindinsa a makarantar gwamnati, wato ajin da suke kira kindagatin, wanda yaro ke shiga kafin aji ɗaya na firamare. Ɗakin bai yi kama da sauran ajujuwan zamanin ba. Tebura da bencina gajeru ne daidai tsayin yara, ga tukwanen shuke-shuke an jera, kayan karatun kuwa ƙwallayen zare ne masu launi da 'yan guntayen katako da yaro zai jera, ya rushe, ya sake jerawa. Daga Jamus ta ɗauko tsarin, inda Friedrich Froebel ya fara shi a garin Bad Blankenburg a 1837. Kafin ita Margarethe Schurz ta buɗe irinsa da harshen Jamusanci a jihar Wiskonsin a 1856, Elizabeth Peabody kuma ta buɗe na Turanci a Bostan a 1860, sai dai duka biyun na masu zaman kansu ne. Blow 'yar attajiri ce, ta kuma shafe shekara 11 tana wannan aiki ba ta karɓi ko sisi ba.

Abin da ya sa shugaban makarantun St. Louis, William Torrey Harris, ya ba ta ɗaki shi ne wani lissafi da ya hana shi sakat. 'Ya'yan talakawan unguwannin bakin kogi da na masana'antu kan bar makaranta su kama aikin ƙarfi tun suna wajen shekara goma, bayan 'yan shekarun karatu ƙalilan. Tun da ba shi da ikon riƙe su daga ƙarshe, sai ya ga gara ya kamo su tun da wuri. Ke nan tun ranar farko ɗan talaka aka nufa da wannan aji.

Aji ne na safe, na 'yan sa'o'i. Amma sallamar yara ba ita ce tashin malama ba. A ajujuwan kyauta da ƙungiyoyin agaji suka yi ta buɗewa a ƙarshen ƙarni na 19, irin wanda Kate Douglas Wiggin ta jagoranta a San Faransisko daga 1878 da wanda aka buɗe a gidan Hull House na Jane Addams a Shikago a 1889, malama kan bi yaran gida da rana. Takan hau benayen haya inda baƙi 'yan ci-rani daga Italiya da Jamus da gabashin Turai suke cunkushe, ta zauna da uwa, ta ga inda yaron yake kwana, ta gane dalilin da ya sa yake zuwa aji da yunwa ko da tari. Wata ranar kuma taron iyaye mata ake yi a makarantar, a tattauna tsafta da abinci da tarbiyya. Rabin wunin nan na biyu ma na yaron ne, ta hannun mahaifiyarsa ake isar masa da shi. A ganina wannan shi ne mafi daraja a cikin abin da matan farkon nan suka ƙirƙiro, kuma shi aka fara zubarwa.

Da hukumomin ilimi suka karɓe ajujuwan a farkon ƙarni na 20, sai masu riƙe da asusu suka duba suka ga ɗaki a rufe da rana, malama kuma tana yawon gidaje. Aka raba yara kashi biyu, wasu da safe wasu da rana, malama ɗaya, ɗaki ɗaya, yara ninki biyu. Duk wanda ya yi firamare a cunkusassun makarantun biranenmu ya san 'yan safe da 'yan rana, kuma dalilin bai bambanta ba: ƙarancin ɗaki da ƙarancin kuɗi. Ziyarar gida ta yi ta ja baya har ta zama tarihi. Yawan haihuwar da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara cika ajujuwa, tsarin ya daɗa kafuwa. Aka wayi gari sa'a biyu da rabi zuwa uku ta zama al'ada, har iyaye da malamai da yawa suka ɗauka iyakar abin da ɗan shekara biyar zai iya ɗauka ke nan, alhali rabon ɗaki ne ya yanka masa wannan lokaci.

Abubuwa biyu ne suka girgiza al'adar. Na farko yaƙi da talauci da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar, wanda ya haifi shirin Head Start na ƙananan 'ya'yan talakawa da dokar tallafa wa makarantun unguwannin talakawa, duka a 1965. Daga nan gundumomin ilimi suka sami kuɗin tarayya da za su iya tsawaita wunin yaran da aka ga suna baya. Jihohin kudu sun makara wajen buɗe ajin share fage na gwamnati. Misisipi ce ta zo a ƙarshe, da dokar gyaran ilimi ta 1982 a zamanin Gwamna William Winter. Amma da yake jihohin kudun ba su gaji tsohon tsarin ba, da yawansu cikakken wuni suka rungume shi, har yankin ya zarce sauran ƙasar a wannan fage. Na biyu kuwa fitar iyaye mata aiki. A 1975 kashi 39 cikin ɗari na matan da ke da yaro ƙasa da shekara shida ne suke aiki ko neman aiki. Zuwa 2000 sun kai kashi 65. Matar da ke kanti ko asibiti daga safe zuwa yamma, yaya za ta yi da yaron da za a sallama kafin azahar?

Alƙaluma sun bi sawu. A 1977 kashi 28 cikin ɗari na yaran wannan aji ne suke wuni a makaranta. A shekarar karatu ta 1998 zuwa 1999 sun haura rabi, a 2013 kuma sun kai kashi 77.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna ɓoye yadda canjin ya auku a ƙasa. A Amurka gundumar ilimi ce ke tafiyar da makarantu, tana da hukumarta, galibi zaɓaɓɓiya, kuɗinta kuma daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, sai abin da jiha ta ƙara mata gwargwadon yawan ɗalibai. A jihohi da dama doka ta ƙirga ɗan ajin share fage a matsayin rabin ɗalibi, domin rabin wuni yake yi. Gundumar da ta so tsawaita wuni sai ta ninka malamai da ɗakuna ba tare da an ninka mata kuɗi ba. Mafitar da da yawansu suka samo ita ce su bar rabin wuni kyauta, su buɗe cikakken wuni a gefensa, amma iyaye su biya. Ana kiran wannan zaɓi, kuma a takardar da ake aika wa iyaye haka yake: ga akwati biyu, ka sa alama a wanda ka ga dama.

A je irin wannan makaranta da misalin sha ɗaya da rabi na rana a ga abin da zaɓin yake nufi. Ɗakuna biyu ne a baranda ɗaya. A na farko malama tana taimaka wa yara su sa rigunan sanyi, su rataya jaka, su yi layi zuwa ƙofa. A na biyu yara suna wanke hannu za su ɗakin cin abinci, bayan haka a karanta musu labari, wasu su ɗan kishingiɗa a kan shimfiɗa, da rana a fita wasa ko a shiga ɗakin kiɗa da zane. A shekara mai zuwa dukansu aji ɗaya za su haɗu, a gaban malama ɗaya, da manhaja ɗaya. Shekarar karatu a can kwana 180 ce ko kusa da haka, saboda haka bambancin sa'a uku a rana ya haura sa'a 500 kafin shekara ta ƙare. Ga kuma matsalar mota. Jigilar tsakar rana tana da tsada, kuma tana cikin abubuwan da gunduma ke fara yankewa idan asusu ya yi ƙasa. Uwar da ba ta da kuɗin wuni, ba ta kuma da mai ɗauko mata yaro da rana, ita aka bari a tsaka mai wuya.

Ba na raina iyayen da suka zaɓi rabin wuni da gangan. Akwai uwar da ta san ɗanta bai kai ya yi sa'a shida cikin hayaniya ba, tana gida, tana da littattafai, tana da lokaci, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Amma inda aka rataya wa ɗayan akwatin farashi, ba halin yaro ke rarrabe yara ba, aljihun iyaye ne. Gundumomi da yawa sun yi ƙoƙarin yafe wa matalauta kuɗin, sai nauyin ya sauka a kan na tsakiya, waɗanda samunsu ya ɗan wuce a yafe musu, bai kuma kai su biya cikin sauƙi ba.

Wannan zaman gefe da gefe ya bar wa masu bincike wata dama. A jihar Indiyana, lokacin da Gwamna Mitch Daniels ya faɗaɗa tallafin cikakken wuni a 2007, wasu gundumomi ba su da gurbin da zai ishi masu nema, sai suka jefa ƙuri'a. Masaniyar tattalin arziki Chloe Gibbs ta bi sawun yaran da ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake, ta tarar 'yan wuni sun fi ƙwarewa a harkar karatu a ƙarshen shekara, ribar kuma ta fi yawa ga 'ya'yan 'yan asalin Latin Amurka. Darajar binciken ita ce sa'a ce ta raba yaran, don haka ba za a ce gatan gida ne ya jawo bambancin ba. A ɗaya ɓangaren, Harris Cooper na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a 2010, suka ga ribar tana nan a ƙarshen shekarar farko, amma takan dushe kafin a kai aji uku. Masu adawa da kashe kuɗin sun riƙe wannan gam. Ni kuwa ina ganin tambayar da ya kamata a yi ita ce me aji ɗaya da aji biyu suka yi da yaron da ya zo musu a shirye. Idan malama ta koma da kowa baƙaƙen farko saboda rabin ajin bai sami wunin ba, dole tazarar ta rufe.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato abin da aka cika ƙarin sa'o'in da shi. Bayan dokar ilimi ta 2002 ta Shugaba George W. Bush, wadda ta ɗora makarantu a kan sikelin jarrabawa tun daga aji uku, matsin ya gangaro har kan ƙananan. Daphna Bassok da abokan aikinta a Jami'ar Bajiniya sun kwatanta amsoshin malaman wannan aji na 1998 da na 2010. A karon farko kashi 31 cikin ɗari ne suka ce ya kamata yaro ya iya karatu tun a ajin share fage, a karo na biyu kashi 80. Lokacin kiɗa da zane ya ragu, kusurwoyin wasa da yashi da ruwa da kayan kwaikwayo suka yi ta ɓacewa daga ɗakuna, takardun cike gurbi suka ƙaru. Tsawon wuni shi ne ya kamata ya ba malama sararin da za ta bar yaro ya gina, ya yi tambaya, ya yi faɗa da abokinsa su shirya. Inda aka mayar da shi ƙarin zaman benci, ɗan shekara biyar ya yi asarar abin da ba a aunawa a jarrabawa.

Daga baya jihohi suka fara cire farashin cikakken wuni ɗaya bayan ɗaya. Indiyana ta ƙara tallafinta a 2012 bisa sharaɗin a daina karɓar kuɗi daga iyaye. Minesota ta ware dala miliyan 134 a 2013, aka fara a shekarar da ta biyo. Labarin Kolorado ya fi nuna tsawon tafiyar. Shekara da shekaru jihar tana biyan kashi 58 cikin ɗari na kuɗin ɗalibi a kan kowane ɗan ajin share fage. Gundumomi suka riƙa cike giɓin ta hanyoyi dabam dabam: wasu da kuɗin tarayya, wasu da ƙarin harajin da mazauna suka amince da shi, wasu kuma da kuɗin iyaye, wanda a wasu wuraren ya kai ɗaruruwan daloli a wata. Wani ɗan majalisar jiha, Jim Wilson, tsohon shugaban makarantu daga garin Salida kuma ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya yi ta kawo ƙudurin biyan cikakken wuni ana kayar da shi. Sai da Jared Polis na jam'iyyar Dimokurat ya ci zaɓen gwamna a 2018 da wannan alkawari a bakinsa. Ya nemi dala miliyan 227, majalisa ta ba da miliyan 175, ya sa hannu a watan Mayu na 2019. Dokar ta hana karɓar kuɗin wuni daga iyaye, ba ta kuma tilasta wa kowa ya bar ɗansa har yamma ba. A wannan karon ne akwatunan biyu suka zama daidai a farashi.

Ba a jima ba maganar ta sauko kan 'yan shekara huɗu. A watan Nuwamba na 2020 masu zaɓe a Kolorado suka amince da ƙarin haraji a kan taba da sauran kayan nikotin domin a biya wa kowane yaro shekarar da ke gaban ajin share fage. Shirin ya fara a 2023. Abin da jiha ta ɗauka wa yawancin yara shi ne sa'a 15 a mako, wato kimanin sa'a uku a rana. Wasu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kan sami ƙari idan sun cika sharuɗɗa, sauran iyayen da ke son ɗansu ya wuni kuwa su ke biyan ragowar sa'o'in.